Yadda Ake Tafiya Abuja ta Tashar Jirgin Ƙasa ta Rigasa

Layin dogon da ya haɗa Kaduna da Abuja yana da tsawon kilomita 186, kuma tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2016 ya zama hanyar da ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu neman magani daga Kaduna da Zariya da Kano da Katsina suke bi zuwa babban birnin tarayya. Na daɗe ina bin wannan layi, kuma abin da na lura da shi shi ne, wanda bai saba ba yakan tattara hankalinsa kan jirgin kawai, alhali zaman cikin jirgin shi ne mafi sauƙi a duk tafiyar. Wahalar tana can ƙarshen layin biyu, domin tashar Rigasa tana gefen garin Kaduna ne, ita ma tashar Idu tana bayan gari a Abuja, don haka wanda bai tsara yadda zai isa ta farko da yadda zai fita daga ta biyu ba, yana iya kashe wa motocin haya fiye da abin da ya biya na tikiti, ko ma jirgin ya tashi ya bar shi. Wannan bayani na wanda zai hau karo na farko ne, daga Kaduna zuwa Abuja.

Abubuwan da za ka tanada

Na farko shi ne lambarka ta zama ɗan ƙasa, wato NIN, tare da katin shaida mai ɗauke da hotonka. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin a ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya sa aka dakatar da zirga-zirga har zuwa 5 ga Disamba na wannan shekarar, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta ɗaura sayen tikiti a kan wannan lamba da lambar wayar matafiyi. Idan katinka ya ɓata, takardar da aka ba ka lokacin rajista tana ɗauke da lambar, kuma ya kamata ka haɗa da wata shaidar mai hoto, kamar katin zaɓe ko lasisin tuƙi ko fasfo.

Na biyu, waya mai shiga intanet wadda aka cika da caji, da katin banki mai aiki ko manhajar banki da za ka biya kuɗi da ita. Wanda wayarsa ƙarama ce ya nemi ɗansa ko wani amintacce ya saya masa, amma da sunansa da lambarsa shi matafiyin. Na uku, tsabar kuɗi, musamman ƙananan takardu, domin masu keke napep da 'yan dako ba su cika samun canji da sassafe ba, kuma tura kuɗi ta waya yakan maƙale a daidai lokacin da kake sauri.

Sai kaya. Jaka ɗaya da za ka iya ɗagawa da kanka, da ƙaramar jakar hannu, sun wadatar. Ka sa rigar sanyi ko mayafi mai kauri a kusa, saboda na'urar sanyaya taragon takan yi ƙarfi, tsofaffi da yara kuma su ne suka fi jin ta. Ka riƙe ruwan sha, da maganinka idan kana shan wani a kan lokaci, da abin cajin waya na tafi-da-gidanka. Abu na ƙarshe, wanda mutane da yawa suke rainawa, shi ne cikakken adireshin inda za ka a Abuja da lambar wanda zai karɓe ka, a rubuce a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba.

1. Fara shiri daga inda za ka sauka

Kafin ka taɓa batun tikiti, ka san a wace unguwa buƙatarka take a Abuja, domin jirgin yana sauke fasinjojin birnin a tasha biyu, Kubwa da Idu, kuma zaɓen da ka yi a tsakaninsu shi zai yanke maka tsawon sauran tafiyar da tsadarta. Jirgin da ya taso daga Kaduna yana fara isa Kubwa, sannan ya ƙarasa Idu, inda layin ya ƙare.

Idan za ka Kubwa kanta, ko Dutsen Alhaji, ko Bwari, ko Gwarimpa, ko Dei-Dei, ko Zuba, ko Suleja, to Kubwa ce tasharka. Tana cikin gari, akwai abin hawa iri-iri a kusa da ita, kuma daga nan kana iya fita babban titin Kubwa, wanda ake kira titin Murtala Muhammed, ka samu motar haya ta haɗaka a farashi mai sauƙi. Ko mai zuwa Maitama ko Wuse yana iya bin nan idan ba lokacin cunkoson safiya ba ne, lokacin da dukan mazauna Kubwa suke kwarara zuwa cikin birni.

Idan kuwa za ka filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, ko Lugbe, ko Jabi, ko Utako, ko Life Camp, ko Garki da sakatariyar gwamnatin tarayya, Idu ta fi maka. Sai dai ka sani ita tana cikin yankin masana'antu ne, ba gidaje sosai kewaye da ita, kuma ba tasha ce da mutum zai fito ya taka da ƙafa ya tari mota a bakin titi ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya wuce Kubwa yana zaune, don yana ganin tashar ƙarshe ita ce Abuja ta ainihi, sannan ya ɗauki shatar mota daga Idu ya dawo Gwarimpa ko Dutsen Alhaji, ya biya kuɗi mai yawa a kan hanyar da ya riga ya wuce a cikin jirgi.

2. Zaɓen rana da jirgi

Jiragen suna da lamba. Masu tashi daga Kaduna zuwa Abuja ana rubuta su da KA, masu dawowa daga Abuja kuma da AK, don haka ka dubi haruffan nan da kyau kafin ka biya, domin akwai masu sayen tikitin dawowa a maimakon na tafiya. Jadawalin yana sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, ana ƙara yawan tashi ko a rage, ranar Laraba kuma ta saba zama ranar duba layi da gyaran taragu, inda ake taƙaita zirga-zirga. Saboda haka kada ka dogara da hoton jadawalin da wani ya tura maka watanni da suka wuce. Ka duba sanarwar hukumar ta kwanan nan, ko abin da manhajar sayen tikiti ta nuna na ranar da kake so.

Ranakun da aka fi rububin kujera sanannu ne: yammacin Lahadi da safiyar Litinin daga Kaduna, sai Alhamis da Juma'a daga Abuja, lokacin da ma'aikata suke komawa gida wurin iyalansu. Kwanakin da suke gab da sallah da ƙarshen shekara sun fi kowane lokaci tsanani. Idan tafiyarka ba ta dole ba ce a waɗannan ranaku, Talata ta fi sauƙi.

Tafiyar takan ɗauki sa'a biyu da wani abu, wani lokaci ta kai uku ko ta ɗara idan an rage gudu a wasu wurare. Shawarata ita ce, duk wanda yake da jirgin sama da zai kama, ko ganin likita, ko jarrabawa, ko ganawar neman biza, kada ya ɗora ta a kan jirgin ƙasan safiyar ranar. Ya tafi tun jiya ya kwana, ko aƙalla ya bar tazarar sa'o'i huɗu tsakanin lokacin da aka rubuta jirgi zai isa da lokacin alƙawarinsa.

3. Sayen tikiti

Tun watan Janairun 2021 ake sayar da tikitin wannan layi ta intanet. Za ka buɗe shafin hukumar ko manhajarta, ka yi rajista da sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka, ka sa lambar waya da adireshin imel da lambar NIN, sannan ka zaɓi tashar tashi, wato Rigasa, da tashar sauka, da rana, da jirgi, da ajin da kake so. Ka yi wannan rajista tun kwanaki kafin tafiya, domin ba a buɗe sayar da kujerun kowane jirgi sai an kusa ranar tashinsa, kuma idan aka buɗe a ranakun cunkoso ba sa jimawa. Wanda sai a lokacin zai fara neman lambar sirrin da aka tura masa ta imel, kafin ya gama kujerun sun ƙare.

Azuzuwan sun bambanta a kuɗi da faɗin kujera da yawan mutane a tarago, amma duka lokaci ɗaya suke isa, kuma ƙaramin ajin ma yana da na'urar sanyi da kujera mai lamba. Ga mai tafiya shi kaɗai da lafiyarsa, ban ga dalilin ƙarin kuɗi ba. Ga dattijo ko mai jinya ko mai juna biyu, babban aji ya cancanci kuɗinsa.

Idan ka biya, za a ba ka tikiti mai ɗauke da sunanka da lambar tarago da ta kujera da wani tambari mai murabba'i da ake haskawa da na'ura a ƙofa. Nan take ka ɗauki hotonsa a wayarka, in da hali ma ka buga shi a takarda, saboda intanet yakan yi rauni a cikin taron jama'a a tasha. Idan banki ya cire kuɗinka amma tikiti bai fito ba, kada ka yi gaggawar sake biya. Ka duba imel ɗinka da jerin tikitocinka a manhajar, ka jira 'yan mintoci, in bai zo ba ka ajiye shaidar cire kuɗin, ka je tasha da wuri ka nuna wa masu kula da tikiti.

Idan babu hanyar saye ta intanet ko kaɗan, akwai wurin sayarwa a tashar, amma sai ka yi sammako ka tafi da katinka, kuma ka sa a ranka cewa mai yiwuwa ba za ka samu na jirgin da kake so ba. Abin da nake gargaɗi a kansa da babbar murya shi ne 'yan cuwa-cuwar da suke tare mutane a wajen tasha suna cewa suna da kujera. Tikitin da za su ba ka ko dai da sunan wani ne, ko an riga an yi amfani da shi, ko an sayar wa mutum biyu. Ko da ka yi sa'a ka wuce ƙofa, ka shiga jirgi da sunan da ba naka ba, wanda ke nufin idan wani abu ya faru a hanya babu kai a cikin jerin fasinjoji, iyalanka kuma ba su da inda za su nemo labarinka. Wannan kaɗai ya isa dalilin ƙin su.

Mai tafiya da iyali ya saya wa kowa tikitinsa a lokaci ɗaya domin kujerun su zo kusa da juna, kuma duk yaron da ya isa zama a kujera shi kaɗai a yi masa nasa.

4. Isa tashar Rigasa

Nan ne ake yawan rasa jirgi. Tashar tana can ƙarshen unguwar Rigasa, a ƙaramar hukumar Igabi, kuma mai zuwa daga cikin gari sai ya fito titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka fi sani da baifas, ya shiga ta mahaɗar Bakin Ruwa, sannan ya ratsa unguwar tun daga farkonta har ƙarshe. An faɗaɗa titin, amma Rigasa unguwa ce mai ɗimbin jama'a, da kasuwanni da makarantu da masallatai a bakin hanya, ga keke napep ba iyaka. Da safe lokacin kai yara makaranta, da yamma lokacin tashi daga kasuwa, da kuma ranar Juma'a wajen azahar, tafiyar da take ɗaukar minti ashirin tana iya cin ninkinta biyu.

Ƙa'idar da nake bi ita ce in kasance a harabar tashar sa'a ɗaya kafin lokacin tashi, sannan in lissafa lokacin barin gida daga nan zuwa baya. Mai fitowa daga Unguwar Rimi ko Malali ko Barnawa ya bar gida sa'a biyu kafin lokacin jirgi. Na Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Kurmin Mashi sun fi kusa, amma su ma kada su raina hanyar.

Wanda ba shi da kaya da yawa kuma yana son rangwame zai iya hawa keke na haɗaka zuwa Bakin Ruwa, daga nan ya canza wani mai shiga har tashar jirgi. Ka tambaya tun kafin ka hau ko zai kai ƙarshe, domin wasu a tsakiyar unguwa suke juyawa. Mai kaya ko iyali ya ɗauki shata, ko ya kira mota ta manhajar waya, a kuma yi ciniki a gama tun a ƙofar gida. Idan jirgin sassafe za ka hau, ka yi magana da direban da ka sani tun daren jiya, saboda samun abin hawa bayan sallar asuba ba shi da tabbas.

Akwai wani kuskure da baƙi suke yi. Kaduna tana da tsohuwar tashar jirgin ƙasa a kudancin gari, ta tsohon layin Legas zuwa Kano, kuma idan ka ce wa direba tashar jirgin ƙasa kawai, wani yana iya nufar can da kai. Ka ce masa tashar jirgin Abuja da ke Rigasa.

Masu tasowa daga Zariya ko Kano ko Katsina su ne suka fi buƙatar lissafi. Ana aikin shimfiɗa sabon layi daga Kaduna zuwa Kano tun 2021, amma kafin ya fara ɗaukar fasinja, mota ce za ta kawo ka. Yawancin motocin arewa a Kawo suke saukewa, daga can kuma sai ka nemi abin hawa zuwa Rigasa ta Mando da baifas. Wasu direbobin sukan yarda su kai ka tashar kai tsaye idan kun yi jinga tun farko. Daga Zariya ana iya kama jirgin rana cikin kwanciyar hankali. Daga Kano ko Katsina kuwa, idan jirgin safe ne, ka shigo Kaduna ka kwana, kada ka ce za ka bi hanya cikin dare.

Mai zuwa da motarsa zai samu wurin ajiyewa a tashar, amma idan zai kwana biyu a Abuja ya fi kyau wani ya kawo shi ya koma da ita.

5. Shiga tasha da hawa jirgi

A ƙofa za a nemi tikitinka da katin shaidarka, a gwada sunan, a bincika kayanka da jikinka. Ka riƙe su a hannu tun kana cikin layi, ka ƙara hasken fuskar wayarka domin na'urar ta karanta tambarin da sauri. Kada ka ɗauko wuƙa ko fetur ko tukunyar gas ko wani abu mai saurin kamawa da wuta, kuma kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba don ka kai masa Abuja, komai irin roƙon da zai yi. Kaya masu nauyi irin buhun hatsi ko manyan kwalaye ana iya auna su a caje ka daban, don haka idan kana da irinsu ka ƙara zuwa da wuri, ka kuma karɓi rasit a kan duk abin da ka biya.

Idan ka wuce bincike, ka yi uzurinka na bayi da alwala da sallah a tashar, ya fi sauƙi a kan cikin jirgi yana tafiya. Ka zauna inda za ka ji sanarwa. Ana rufe ƙofar shiga 'yan mintoci kafin tashi, kuma jirgin ba ya jiran kowa, ko da kayanka suna ciki kai kana waje kana sayen abinci.

Da an buɗe hanya, nemi lambar taragonka a jikinsa ko ka nuna wa ma'aikaci tikitin ya nuna maka. Ka zauna a kujerarka, ba wadda ka ga babu kowa ba. Idan ka tarar da wani a kai, ka nuna masa tikitinka cikin ladabi, in ya ƙi tashi ka kira ma'aikacin taragon, kada ka tsaya cacar baki a kan hanyar da mutane suke wucewa da kaya. Mai son a yi musanya don ya zauna kusa da matarsa ko mahaifiyarsa ya roƙa, galibi ana yarda. Ƙananan jakunkuna a sama, manya a wurin da aka tanada kusa da ƙofa, jakar kuɗi da takardu kuwa a jikinka.

6. Cikin tafiya

Babu wani aiki mai yawa a nan. Jirgin zai bi ta Kakau da Rijana da Jere da Asham, akwai jami'an tsaro a ciki, ana kuma sayar da ɗan abin taɓawa da abin sha. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a wurare da dama, saboda haka duk kiran da ya zama dole ka yi shi kafin a bar Kaduna. Kada ka riƙa sanar da duniya a Facebook ko WhatsApp cewa kana cikin jirgi kaza a wuri kaza; mutum ɗaya ko biyu na gida sun isa su sani.

Idan an wuce Jere, ka fara shirin sauka. Da zarar sabis ya dawo, ka kira mai ɗaukarka ka gaya masa inda kuke, ka kuma maimaita masa sunan tashar da za ka sauka, domin ba sau ɗaya ba ana samun fasinja a Kubwa, mai tarbarsa kuma yana Idu yana jira. Tsayawar Kubwa gajeriya ce, don haka mai sauka a can ya sauko da kayansa ya matso kusa da ƙofa tun jirgi bai tsaya ba.

7. Fita daga Idu ko Kubwa

A Idu kana da hanya uku. Ta farko ita ce jirgin ƙasa na cikin birni, wanda tasharsa take maƙwabtaka da ta jirgin Kaduna. An buɗe shi a watan Yulin 2018, ya tsaya lokacin annobar korona a 2020, sannan Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi a ranar 29 ga Mayu 2024. Daga Idu, reshe ɗaya yana zuwa filin jirgin sama ta Bassanjiwa, ɗaya yana shiga tsakiyar birni ta Wupa da Kukwaba da filin wasa na ƙasa, ɗaya kuma yana nufar Gbazango ta Gwagwa da Dei-Dei da Kagini. Ga mai zuwa filin jirgi ko tsakiyar birni babu abin da ya kai shi sauƙi, kuma lokacin da aka dawo da shi kyauta aka riƙa ɗaukar mutane, ko da yake ya kamata ka riƙe kuɗi a hannu. Matsalarsa ita ce ba kowane lokaci yake tashi ba, kuma jadawalinsa bai zama dole ya dace da isowar jirginka ba. Da saukarka ka tambayi ma'aikata lokacin na gaba. Idan jiran bai wuce rabin sa'a ba ka jira, in ya fi haka kuma kana da alƙawari ka nemi mota.

Ta biyu ita ce motocin haya da suke harabar tashar. Akwai na shata, akwai kuma na haɗaka da suke ɗaukar mutum huɗu zuwa wurare irin su Jabi da Berger da Area 1. Na haɗaka sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai suna cika da wuri, don haka kada ka tsaya ɓata lokaci bayan saukowa. Ka yi ciniki kafin a sa kayanka a but, ka faɗi unguwar da sunan titin sarai, domin Garki ko Wuse faɗi gare su, kuma direba zai nemi ƙari idan ya ga wurin ya fi inda ya zata nisa.

Ta uku ita ce kiran mota ta manhaja irin Bolt. Farashinta yakan hau a daidai lokacin da jirgi ya sauke ɗaruruwan mutane, kuma direbobin ba su da yawa a wannan yanki, don haka ka fara nema tun kuna barin Kubwa. Kafin ka shiga, ka gwada lambar motar da fuskar direban da abin da wayarka ta nuna.

A Kubwa lamarin ya fi sauƙi, akwai keke da motoci da za su fitar da kai babban titi ko su shiga da kai unguwanni. Amma ka tuna cewa an hana acaba da keke napep shiga manyan unguwannin tsakiyar Abuja, saboda haka mai zuwa can dole ya koma mota. A nan ne kuma ake buƙatar taka-tsantsan game da ɓarayin da ake kira 'yan wan-cans, masu yawo da mota kamar ta haya da abokan aikinsu a ciki a matsayin fasinjoji. Ka hau mota a tasha ko inda ake lodi a san direba, ka guji wadda ta tsaya maka a bakin titi da gilasai masu duhu, musamman bayan magariba, kuma mace mai tafiya ita kaɗai ta fi kowa buƙatar kiyaye wannan. Idan jirginka na yamma ne kuma ba ka san gari ba, ka sa a zo a ɗauke ka.

8. Dawowa, da abin yi idan babu jirgi

Tikitin dawowa daban ake sayensa, kuma ka fara bibiyarsa tun ranar da ka isa. Ka zaɓi tashar da za ka hau da kyau, domin wanda ya sayi na Idu amma yana kwana a Kubwa ya jawo wa kansa tafiyar da ba ta da amfani. Zuwa Idu daga cikin birni da safe yana buƙatar sa'a guda a ƙalla, ban da sa'ar da za ka ba tashar. Idan za ka wuce Zariya ko Kano, akwai motocin da suke jiran fasinjojin jirgi a harabar Rigasa su wuce da su kai tsaye, sun ɗan fi na Kawo tsada amma suna rage maka ratsa gari. Ka zaɓi jirgin da zai sauke ka da sauran rana, yadda za ka isa gida kafin dare ya yi.

Wani lokaci ana dakatar da jirgin gaba ɗaya, kamar yadda ya faru a watan Agustan 2025 bayan da ya sauka daga kan layi kusa da Asham, aka yi makonni babu zirga-zirga. Saboda haka ana gobe za ka tafi, da dare ka sake duba sanarwar hukumar da labarai. Idan an soke tafiyar, ka ajiye tikitinka da shaidar biya domin neman a mayar maka da kuɗi ko a sauya maka rana. In tafiyar ba ta ɗaguwa, sai mota: daga Kaduna ana samun ta Abuja a Kawo da Mando da garejin Television, daga Abuja kuma a Zuba da Jabi da Utako. Ka hau a cikin tasha inda ake rubuta sunayen fasinjoji, ka tashi da safe, kuma ka gaya wa na gida lambar motar da ka shiga.